Farin Tabo a Ƙirjin Baƙin Kare

Saura kwana takwas in hau jirgin ƙasa zuwa garin Pune in kama aiki, mahaifiyata, da muke kira Amma, ta dawo daga wurin mai duba taurari ta ce kare za mu saya.

Tun daga bakin ƙofa ta fara, ko takalminta ba ta gama cirewa ba. "Baƙi wul. Ko silin farin gashi ɗaya kada a samu a jikinsa."

Ƙanena Tarun yana miƙe a doguwar kujera, waya a kan ƙirji, fanka tana yi masa hidima. Ko kai bai ɗaga ba. Ni ina zaune a ƙasa ina tsintar shinkafa. Na ce, "Amma, ke da idan karen maƙwabta ya leƙo mana gida sai kin yayyafa ruwan tsarki na kogin Ganga?"

"Wancan kare ne. Wannan magani ne."

Ga yadda abin ya samo asali. Shekara uku ke nan Tarun, mai shekara ashirin da shida a duniya, yana cewa zai bi wani abokinsa Dubai. Ko hoton fasfo bai taɓa ɗauka ba. Duk unguwarmu a Kanpur an san wanda ba ya iya zuwa bakin titi sayen madara ba zai ƙetare teku ba. Uwarsa ce kaɗai ba ta sani ba. To a makon nan sai ya shigo da aron akwati mai taya ya jingine a falo. Amma ta kalli akwatin, ta yi kwana biyu ba ta sa loma a baki ba, a na uku ta ƙulle takardar taurarin haihuwarsa a gefen zanenta na sari ta nufi gidan mai duban, Pandit Dinanath.

"Ya ce tauraron Ketu ne ya zauna masa a ƙafa," in ji ta, ta zauna tana haki. "Shi ke fisge yaro daga gidan ubansa. A shigo da baƙin kare ranar Asabar kafin rana ta raba. Kullum kafin fitowar rana a ba shi gurasar farko da aka sauke daga kasko, a shafa mata man shanu. Kwana arba'in da uku, ba fashi."

"Wa zai riƙa ba shi?" Sai yanzu Tarun ya ɗaga kai.

"In namiji ne, kai da hannunka. In mace ce, yayarka za ta ba ta a madadinka. Ya ce mace ba ta karɓa sai daga hannun mace."

Tiren shinkafar ya kusa suɓuce mini.

Takarduna na makaranta, na asali, waɗanda kamfanin magungunan ya ce in ban je da su ranar farko ba kada ma in je, suna cikin kabad ɗin ƙarfe a ɗakin Amma. Makullin kuwa ba ya barin ƙugunta. Wata biyu na yi ina lallaɓa ta kafin ta ce to, shi ma to ɗin da rabin baki ta faɗe shi.

"Amma, Juma'ar sama jirgina yake."

"Aiki ba ya guduwa, Nupur. Ɗan'uwa ke guduwa."

"Wannan aikin da gudu yake tafe. Mu ɗari huɗu muka nema."

Tarun ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta masana. "Ni dai a ganina mace ta fi. Na karanta an ce ta fi hankali, ta fi tsabta, ta fi son gida."

"Yaushe ka karanta?"

"Yanzun nan, Didi. Ga shi a waya." Didi, wato Yaya, haka yake kirana.

Rabon Tarun da ganin fitowar rana tun ranar da muka kai tokar gawar mahaifinmu kogi, shekara huɗu da suka wuce. Ranar ma kusan ɗaukarsa aka yi.

Amma ta raba gardamar. "Namiji ko mace, wanda ya fi baƙi shi za a ɗauka. Pandit ya ba ni sunan wani tsohon soja a bayan bariki."

Washegari Juma'a na ce zan je ɗinki, na tari adaidaita na wuce bayan bariki ni kaɗai.

Tsohon sojan, Jagrup Singh, wanda har yau ake kira da muƙaminsa na Subedar, dogo ne, gashin bakinsa fari tas, yana ɗan jan ƙafar hagu. Shekara ashirin da biyu ya yi yana horar da karnukan soja. Yanzu kuma yana kiwon irin waɗannan da ake kira Labrado, masu kunne a kwance, waɗanda in ka jefa abu ko cikin ruwa ne sai sun ɗauko maka.

"Bakwai uwar ta haifa, biyu suka rage," in ji shi. Ya buɗe ƙofar bayan gida. 'Yan kwikwiyo biyu, wata uku-uku, suka fito suna tuntuɓe da juna.

Ya ɗaga macen sama ya juya ta. Baƙa ce wul tun daga hanci har wutsiya, sai sheƙi take yi. Ya ajiye ta ya ɗaga namijin. A tsakiyar ƙirjinsa ga farin tabo nan, girman dangwalen babban yatsa.

"Rabin masu sayen baƙin kare a garin nan, masu duba ne suka turo su," in ji Subedar. "Shi tabon nan ne ya hana shi shiga. Ita kuwa ba ta da laifin komai, mace ce kawai."

"Wanne ya fi kyau a ajiye a gida, Subedar Sahib?"

Ya cire silifa ɗaya ya wurga ƙarshen fili. Macen ta zabura kamar an harba ta, ta ɗauko, ta ajiye a ƙafarsa, ta zauna tana kallonsa ko akwai wani aikin. Namijin ya bi ta har rabin hanya, ya ga inuwar gwaiba, ya kwanta ya hau tauna ƙafarsa.

"Na san wani irinsa," na ce.

Na kwashe labarin duka na gaya masa. Ya saurara yana murza gashin baki. Na ce ko a ɗan shafa masa baƙin rini na gashi.

"Kika sa wa karena wannan gubar, ni da ke ne," ya ce, ya nuna ni da yatsa. Sai kuma ya sassauta. "Ni soja ne, 'yata. In aka tambaye ni, gaskiya zan faɗa. In ba a tambaye ni ba, ƙarar bindiga ta daɗe da kashe mini kunne, bakin ma bai tsira ba."

A hanyar komawa dabara ta faɗo mini. A gaban madubin Amma akwai ɗan gwangwanin tagulla na kwalli. Da hannunta take haɗa shi, da baƙin hayaƙin fitila da man shanu. Abin da ake sa wa jariri a ido ba zai cuci kare ba. Da safiyar Asabar, tana ɗakin bauta tana kaɗa ƙararrawa, na jefa gwangwanin a jakata.

Ƙarfe goma muka isa. Amma ta sha sabon sari, Tarun yana biye yana hamma. Subedar ya ajiye musu kujeru a baranda, ya kawo shayi. Na ce bari in taya shi fito da su, na zaga baya.

Namijin bai ba ni wahala ba. Ina taɓa shi ya wuntsila ya bar mini ciki. Na lakaci kwallin na murza a tabon, na ƙara, na bi da tsefewa da farce har fari ya ɓace. Macen tana tsaye a gefe tana kallona, kai a karkace, hancinta na motsi. Na jefa gwangwanin a jaka, na goge yatsa a cikin gefen rigata, na rungumo shi.

Amma ta sa tabarau. Ta ƙi taɓa su da farko, sai da ta naɗe hannu da hankici. Daga nan ta shiga bincike irin wanda take yi wa gauta a kasuwa. Ta leƙa kunne. Ta ɗaga wutsiya. Ta buɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ta zo kan ƙirjin namijin. Ta kalla, ta kalla, ta wuce.

"Duka biyun baƙaƙe ne," ta ce.

Tarun ya ajiye kofin shayi. Ban taɓa ganinsa da kuzari haka ba. "To Amma, tunda duka ɗaya ne, a duba hali mana. Subedar Sahib, don girman Allah gaya mata, wanne ya fi kai?"

"Macen," in ji Subedar. An tambaye shi, ya faɗa. "Cikin wata biyu za ta san zauna, tashi, kawo. Ba ta yawo. Shi namiji girma zai yi kamar ɗan maraƙi, kansa kuma ba zai girma ba sai ya shekara uku. Duk inda kika sa ƙafa yana nan yana neman a shafa shi. In ya ji ƙamshin wata a layi na bakwai, sai kin nemo shi da fitila."

"Kin ji ko, Amma?"

"Ita ba ta da aibi?" Amma ta tambaya.

"Sau biyu a shekara takan yi jini, mako biyu zuwa uku. Karnukan unguwa za su yi miki layi a ƙofa."

Amma ta janye ƙafafunta ƙarƙashin kujera. "Jini? A gidan da ke da ɗakin bauta?"

"Ana yi musu aiki a asibiti, shi ke nan an wuce wurin," Tarun ya yi caraf. "Yana cikin abin da na karanta."

"Kai da ko takardar kuɗin wuta ba ka karantawa," na ce, "yau ka zama likitan dabbobi."

"Didi, ni lafiyar gida nake dubawa."

"Lafiyar barcinka dai."

"Ku yi mini shiru," in ji Amma. Idonta yana kan namijin, wanda ya riga ya ɗora haɓa a kan ƙafarta ya lumshe ido. Na ga fuskarta tana narkewa. Na san kallon nan, shekara ashirin da shida ina ganin ana yi wa wani shi. Na ce a raina an gama.

Sai macen ta matso.

Ta sunsuni ɗan'uwanta, ta tura hanci a ƙirjinsa, ta lasa. Ta ji man shanu. Ta ƙara lasa. Shi kuma sarkin daɗi ya wuntsila ya buɗe mata ƙirjin sosai. Na sa ƙafa zan ture ta, ta zagaya ta ɗaya gefen ta ci gaba. Na ɗauke ta gaba ɗaya ina dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kai, wannan akwai wasa!" Harshenta baƙi ƙirin. Na jawo namijin da ƙafa na kifa shi a kan cikinsa.

Ba wanda ya lura. Subedar ya ƙura wa silin ido kamar yana ƙirga katako.

Da Tarun ya yi shiru da na sha. Sai dai ya ga uwarsa tana karkata, ya ga kwana arba'in da uku na tashin asuba sun tunkaro shi.

"Tsaya ki ga aikinta, Amma. Didi, sauke ta." Ya tsinci wata tsohuwar ƙwallo a gefen baranda ya wurga. "Kawo!"

Ƙwallon ta gangara ta tsaya a gindin kujerar da na rataye jakata. Macen ta bi ta da gudu. Ta kai hanci ga ƙwallon, ta tsaya. Ta ɗaga kai. Ta miƙe a ƙafafun baya ta cusa kai cikin jakar da ban zuge ba. Ta fito da abu a baki, ta taho tana kaɗa wutsiya, ta ajiye shi daidai gaban Amma, ta zauna tana jiran yabo.

Gwangwanin tagulla. Shekara talatin yana gaban madubinta.

Amma ta kalli gwangwanin. Ta kalli baƙin harshen da ke reto a gabanta. Ta sunkuya, ba hankici wannan karon, ta birkito namijin. Tabon ya fito, fari da ɗan toka-toka a gefe.

"Tabɗi!" Tarun ya tafa hannu. "Didi! Ke da kanki? Taurari za ki yi wa maguɗi? Amma, kin ga abin da karatu yake jawowa ko?"

"Subedar Sahib," in ji Amma, murya ƙasa-ƙasa, "da wannan aka haife shi?"

"Da shi aka haife shi, 'yar'uwa. Da shi kuma zai mutu."

Ina tsaye ina lissafin wasiƙar da zan rubuta wa kamfanin, da yadda za su kira mutum na biyu a jerin kafin su gama karanta ta. Macen ta zo ta zauna a kan ƙafata. Ita a ganinta ta yi abin kirki.

"To magana ta ƙare," in ji Tarun, ya miƙe yana miƙa. "Pandit ya ce ko sili ɗaya. A naɗe mana macen. Didi, kada ki damu, ni zan riƙa saita miki agogo."

Amma ta ɗauki gwangwanin ta goge yawun da gefen sarinta. Ta buɗe. Ta lakata da ɗan yatsanta, lakata mai kauri, ta jawo namijin kan cinyarta, a kan sabon sarin, ta shiga shafawa. A hankali, tana bin gashin sili-sili, yadda take yi wa jariran dangi.

"Ke komai naki a gaggauce," ta ce, ba ta ko kalle ni ba. "Ba a murzawa. Dannawa ake yi, a bari ya sha, a ƙara."

Tarun ya saki baki. "Amma! Pandit ya ce..."

"Pandit zai zo ya birkita shi ne?"

"To taurarin fa?"

"Taurari suna can sama, idonsu bai kai nawa ba, ni ma ban gani ba sai da aka lashe. Shekara goma sha biyu ina rina kaina, wane tauraro ne ya taɓa tanka mini?"

Subedar ya yi tari ya juya baya. Kafaɗunsa suna rawa.

"Amma ita fa ba ta da tabo ko ɗaya," in ji Tarun, muryarsa ta koma ta ɗan shekara shida. "Kin ga wayonta da idonki."

Amma ta kalli macen sama da ƙasa. "Na gani. Wayon ne ma ya yi yawa. Ka ci da ita, ka sha da ita, ta tona maka asiri a gaban baƙo. Kuma mace komai kyanta ba a kafa gida da ita, ranar tafiyarta kawai ake jira." Ta shafa kan namijin, wanda ya riga ya yi barci yana zubar mata da yawu a cinya. "Wannan kuwa dubi fuskarsa. Ina zai iya zuwa?"

Shekara ashirin da tara ina jin irin maganar nan tana ƙona ni. Yau ita ce tikitina, ba zan yi gardama da tikiti ba.

Saura kwata rana ta raba muka shiga gida da shi, Amma ta riƙa duba agogo tun daga bariki. A bakin ƙofa ta zagaya masa fitila a faranti, ta ɗiga masa ja a goshi. Ta raɗa masa suna Raja. Aron akwatin Dubai aka kwantar aka shimfiɗa tsohon bargo a ciki, ya zama gadonsa. Da yamma na shiga ɗakina na tarar da takarduna a kan katifa, cikin ledarsu. Ba ta ce ta ajiye ba, ban ce na gani ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban samu ganin uwata sosai ba. Raja ya yi gudawa, aka tafi asibiti. Raja ya cinye takalmin Tarun, aka ce haƙori ne ke yi masa ƙaiƙayi. Raja ya shiga ɗakin bauta ya sha madarar da aka ajiye wa alloli, Amma ta ce ai sun karɓa ke nan ta bakinsa. Ni na haɗa kayana, na yi wa maƙwabta sallama, na rubuta lokutan maganin hawan jininta da manyan baƙaƙe na manna a jikin firji.

Ranar Juma'a jirgina na ƙarfe bakwai saura ne. Biyar da rabi na fito da jakunkuna biyu. Amma tana madafa, kasko a wuta, hannu duk gari. Tarun yana tsugune a tsakar gida cikin gajeren wando, ido a rufe, gashinsa a jiƙe da ruwan da aka sheƙa masa. Raja yana zagaya shi yana tsalle.

Na sunkuya na taɓa ƙafafunta. "Amma, zan tafi."

Ta ɗora mini bayan hannu a ka, don kada gari ya taɓa ni. "To, ki sauka lafiya. Da na raka ki tasha, amma kin ga in na matsa, wannan barci zai koma, rana ta fito mana."

"Na sani."

"Didi," in ji Tarun, bai buɗe ido ba, "yau kwana nawa?"

"Shida."

Ya yi wani nishi kamar an soke shi.

Mai adaidaita ya danna ƙaho a waje. Na ja jakunkunan har bakin ƙofa, na tsaya kaɗan, ko za a ƙara cewa wani abu. Gurasar ta kumbura a kasko. Amma ta sauke ta, ta shafa man shanu, ta hura, ta damƙa a hannun Tarun, ta riƙe masa wuyan hannu don kada ta faɗi. Sai ta waiwayo da sauri, ta ga ƙofa a buɗe.

"Nupur! Rufe ƙofar nan da kyau, kada ya fita!"

Na rufe ta da kyau, daga waje.